Ranar da Na Cinye Layin Fili

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je gwajin ƙwallo a wata masaƙa da ke Challawa ba, ko da na so in manta ma, akwai masu tuna mini har gobe.

A farkon shekarun tamanin ne, na gama kwalejin koyon sana'a inda nake kyaftin ɗin ƙungiya. Ni ne mai lamba goma, mai raba ƙwallo, kuma rabin wasana da baki nake yin sa: wane ja baya, wane ruga, wane ga ta nan. (Abokan wasana sukan ce rediyo ma bai kai ni surutu ba, ni kuwa na ɗauka yabo ne.) Da aka gama makaranta sai tafin 'yan kallo ya ƙare. Na tare a gidan yayana Sale a Panshekara ina cin tuwon matarsa, ina zaga ƙofofin kamfanoni daga Bompai zuwa Sharada babu mai kallona. Babanmu kuma ya aiko daga ƙauye cewa in damina ta faɗi ban sami aiki ba, in tattaro in koma, fartanya na jirana.

A wancan zamanin kamfani kan ɗauki mutum aiki saboda ƙafarsa. In ka iya ƙwallo sai a ba ka ɗan aiki a sito, ranar wasa ka sa rigar kamfani. Yaya Sale da ke sashen rini na masaƙar ya dami kocinsu, wani mutumin Filato da ake kira Mista Bitrus, da labarina har ya yarda a gwada ni. Manajan ma'aikata ma da kansa zai zo kallo. Yaya bai ce mini komai ba illa, "Don Allah ƙanena, kada ka ba ni kunya."

Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci ranar. Ko koko na kasa sha. Na isa filin da ke bayan masaƙar tun ba kowa, ga yunwa, ina ta tunanin yadda zan faɗi sumamme a gaban manaja, da yadda fartanya za ta yi wa hannuna kanta.

To, akwai wani abu da mu 'yan makaranta muke jin labarinsa kamar almara, wato gulukos. Farin gari ne da ake zuba wa 'yan wasan kamfani a tafin hannu lokacin hutun rabin lokaci, su lashe. Mu a kwaleji ɓarin lemo ake ba mu, shi ma sai in shugaban makaranta ya tashi da fara'a. Mun yi imani duk wanda ya lashi gulukos zai iya gudu har Zariya bai tsaya ba. Ina cikin zullumi sai ga gwangwaninsa a gindin turken raga, a buɗe, cike fal da farin gari. Na duba gabas, na duba yamma. Na ce a raina Allah ne ya dubi maraicina (alhali iyayena duka suna raye). Ban tsaya lasa irin ta masu hankali ba, na cika hannu na watsa a baki.

Babu zaƙi ko kaɗan. Nan take yawuna ya ƙafe, harshena ya manne da dasashi. Na juya zan tofar ke nan sai ga Yaya Sale da koci da manaja cikin babbar riga, 'yan wasa na biye da su. Tofarwa a gaban manya ba ta yiwuwa, haɗiyewa kuma ta gagara. Na rufe baki gam, na durƙusa.

Manaja ya ce, "Kai ne kyaftin ɗin da ake ta ba mu labari? Yaya sunanka?"

Na ƙara damƙe baki. Yaya ya zare mini ido. Na buɗe baki in ce ranka ya daɗe, sai wata farar ƙura ta yi tsalle ta sauka a kan takalmin manaja, tari ya biyo baya. Daidai nan Malam Idi, dattijon da ke kula da filin, ya iso da igiyarsa, ya leƙa gwangwanin, ya dubi haɓata da ta yi fari fat. Cikin natsuwa ya ce, "Yaro, farar ƙasar da zan ja layi ce ka ci? Ai da ka bar mini ta wurin bugun fanareti."

Ashe tsohon gwangwani ne yake zuba kayan aikinsa. Manaja ya yi dariya har ya cire hula yana share hawaye, 'yan wasa na faɗuwa a ciyawa. Yaya Sale kaɗai ne bai yi dariya ba, kuma fuskarsa ce ta fi komai ƙona mini rai.

Haka na shiga fili, na kuskure baki ya fi a ƙirga amma murya ta ƙi fita. Tunda ba halin ba da umarni, sai na riƙa miƙa wa kowa ƙwallo da wuri don kada a kalle ni. Da aka tashi Mista Bitrus ya ce wa Yaya ya daɗe bai ga ɗan wasa mai kawaici irina ba, ba surutu, sai aiki. Yaya ya dube ni, na sunkuyar da kai.

An ɗauke ni a sito, da sharaɗin manaja cewa tunda ni na cinye layi, ni zan riƙa taya Malam Idi ja duk ranar wasa. Na yi shekaru ina buga wa masaƙar, na raba ƙwallaye masu kyau, amma ba wanda ya taɓa kirana Kyaftin. Gulukos ake ce mini, kuma da sunan 'ya'yan Yaya Sale suka tashi suka san ni. Na tsira daga fartanya dai. Tun daga ranar kuwa, ko sukari matata ta ajiye mini a gwangwani, sai na tambaye ta na mene ne kafin in sa hannu.