Hannun Da Na Auna A Gidan Kawu

Ko da zan manta lambar wayata, ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah da Kawu Sale ya kira ni cin abincin rana a gidansa na unguwar Rusaifa a Makka. Na tafi da farar jallabiya mai guga da turaren da na sato a ɗakin yayana, na dawo ina addu'ar kada in haɗu da wanda ya san ni a hanya.

Ni haifaffen Makka ne. Kakana ya taho daga Kano ta Sudan, ya yi aikin Hajji ya ce shi kam ya iso gida. Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, yana da ɗan kamfanin jigilar masu Umra, ni kuma shekara shida ina tsaye masa a tashar Kudai da takarda a hannu, ina nuna wa mutane motar da za ta kai su Harami. Wanda bai taɓa tsayawa a Kudai da azahar ba bai san abin da ake kira rana ba. To sai ga Kawu zai buɗe sabon teburi a ofis na karɓar baƙin Amurka da Ingila, ga esi, ga kujera mai juyawa. A duk dangi ni ne mai ɗan Turanci (na koye shi a bakin alhazai da kuma a waya, saboda haka kada ku sa rai da yawa). Kawu ya ce wani tsohon abokinsa, Alhaji Nasidi, Bakano da ya shekara talatin a Amurka yana kawo ayarin Umra, zai zo cin abinci. In na nuna hankali a gabansa, kujerar tawa ce. Abin da aka nema daga gare ni ke nan, hankali kawai.

Sai in faɗa muku cutar da ke damuna. Samarin unguwarmu ƙwallon ƙafa suke kallo irin na mutanen kirki. Ni kuwa da yake dole sai na bambanta, na kamu da ƙwallon Amurka, wannan mai siffar gwanda da ƙatti masu hular ƙarfe suke ɗauka a hannu suna bangazar juna. A cikinsu akwai wanda ake kira kwatabak, shi ne mai jefa ƙwallon, shi ne kuma ƙwaƙwalwar ƙungiya. Kowace shekara ƙungiyoyin ƙwararru sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga ɗaliban jami'a, kuma kafin ranar zaɓen sai a yi watanni ana gardamar wane kwatabak ne zai yi abin kirki, wane ne zai ba da kunya. Babu wanda ya naɗa ni, amma na naɗa kaina masani. Muna da zauren hira a waya, mu bakwai, nakan zuba musu sharhi kullum (daga baya na gane biyar sun daɗe da kashe ƙarar zauren).

Gaskiyar da ban taɓa faɗa musu ba ita ce ban taɓa kallon wasa guda daga farko har ƙarshe ba. 'Yan gutsattsarin bidiyo nake kallo tsakanin mota da mota, in saurari abin da masu sharhi suka ce, in juye shi da Hausa kamar ni na gano. Ƙwallon ma ban taɓa riƙe ta ba.

A shekarar nan ina da jerin mutum huɗu, kuma na huɗun na sa shi a gaba. Ba zan faɗi sunansa ba, ɓarnar da na yi masa ta isa. Mu dai Mai Gashi muke ce masa, saboda dogon gashinsa murɗaɗɗe da ke zubowa ta ƙarƙashin hular ƙarfen har tsakiyar baya. Laifinsa a wurina ɗaya ne, abokina Fahad yana son sa, ni kuwa duk abin da Fahad ya ce fari ne sai na nemo masa baƙi. Fuskarsa ban taɓa tsayawa na duba ba. In na hango gashi da lambar riga na san shi ne.

Na isa gidan Kawu bayan an sauko daga masallaci. Alhaji Nasidi ɗan gajeren dattijo ne mai magana a hankali, Hausarsa tana nan daram kamar jiya ya bar Kano. Kusa da shi wani dogon saurayi ne mai faɗin ƙirji, kansa tal yana sheƙi, da gani jiya ya gama Umra aka yi masa aski. Alhaji ya ce, "Wannan ɗana ne, Bilal." Saurayin ya yi mini sallama, ya sunkuyar da kai bai ƙara komai ba. Nan take na yanke hukunci a raina cewa haifaffen can ne, ba ya jin Hausa. Kun ga gwanintata ta karantar mutane tun daga nan ta fara aiki.

Aka shimfiɗa sufura, wato ledar cin abinci, aka kawo babban faranti na shinkafar mandi da naman rago, ga tuwo da miyar kuka a gefe saboda Alhaji. Minti goma na farko na yi kyau ƙwarai. Na zuba gahawa, na tambayi lafiyar iyali, na jefa Turanci biyu uku da ba su karye ba. Na ga Kawu yana gyaɗa kai, har na fara jin sanyin esi a ƙeyata. Sai Kawu, don ya ƙara tallata hajarsa, ya ce ai yaron nan har ƙwallonku na Amurka ya sani kamar yunwar cikinsa.

Alhaji ya ajiye lomarsa ya dube ni da fara'a. Ya tambaye ni yaya nake ganin masu jefa ƙwallo na bana. Allah Sarki, shekara uku ina jiran wani mahaluki ya yi mini wannan tambayar ido da ido. Na gyara zama, na naɗe hannun riga, na fara. Na farko na ce yana da ƙarfin dantse amma ba ya karanta masu tsaro. Na biyu na ce yana da natsuwa sai dai ƙananan makarantu ya saba karawa da su. Na uku na yaba masa sama-sama. Alhaji yana ta cewa ma sha Allah. Sannan ya ambaci sunan wata jami'a, ya ce, to na can fa?

Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa me ya haɗa dattijo mai ayarin Umra da kwatabak na huɗu a jeri. Mai hankali zai lura dogon saurayin nan ya daina tauna. Ni dariya na yi, na ce ai Mai Gashi ke nan, Alhaji ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Na ce yaron nan yana riƙe ƙwallo kamar an ba shi ajiya, sai ƙatti sun danne shi yake tuna ana jefawa. Na ce idonsa kan mai cafewa ɗaya yake kafewa, ko makaho ya san inda ƙwallon za ta. Na ce da ya ji motsi a bayansa sai ya ranta a na kare. Duk ƙungiyar da ta ɗauke shi, na ce, ta sayi wahala da hannunta. Kawu ba ya gane komai a zancen, amma ganin yadda baƙonsa ya zuba mini ido sai ya ɗauka cin nasara nake, har yana turo mini tsoka gabana.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na shiga maganar hali, don na ji masu sharhi suna cewa hali ma ana dubawa. Na ce, "Alhaji, ka dubi gashin nan fa. Yaron da ya tashi gaban uba na gari zai tara wannan a kansa? Ai da gani ka san gida an yi sake." Na faɗi haka ina kallon Alhaji Nasidi cikin ido, ina jiran ya yaba mini da kishin tarbiyya.

Alhaji ya ce, "To."

Na ɗauki wannan "to" ɗin a matsayin izini, na kawo babbar hujjata. Na bayyana musu cewa masu farautar 'yan wasa har tafin hannu suke aunawa, daga babban yatsa zuwa ƙaramin, domin mai ƙaramin hannu ƙwallo kan suɓuce masa ranar ruwa ko sanyi. Na rantse hannun Mai Gashi ƙarami ne (ban taɓa ganin awon ba, a bakin wani na ji, shi ma ina jin a bakin wani ya ji). Don in nuna musu irin hannun da ake nema, sai idona ya faɗa kan hannun hagun Bilal da ke ajiye kan gwiwarsa. Na miƙa na kamo shi, na ɗaga sama, na buɗe yatsun na ɗora nawa a kai, nawa ya ɓace a ciki.

Na ce, "Yauwa, kun ga hannun kwatabak. Da wannan Allah ya ba wa Mai Gashi da ya ci abinci. Alhaji, kun yi asara da ba ku sa yaron nan a wasa ba."

Bilal ya dubi hannunsa a cikin nawa, ya dube ni. Sannan ya buɗe baki da Hausa, a hankali, irin ta wanda ya koya a gida.

"Yaya, shi ne dai. Hannun ke nan. Gashin jiya na bar shi wurin wanzami, kusa da Marwa."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka riƙe da hannun nan ba. Na san dai ban sake shi nan take ba, domin ƙwaƙwalwata ta tafi ta bar ni. Ina kallon tal ɗin kan nan, ina ɗora masa gashi da hular ƙarfe a zuci, komai yana zama daidai. Kunya ta rufe ni. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne, "Allah ya karɓi ibada."

Alhaji ne ya yi bayani, da wannan muryar tasa mai sanyi da ta fi zagi ciwo. Bilal agolansa ne. Yana ɗan shekara huɗu Alhaji ya auri mahaifiyarsa, sunan mahaifinsa marigayi ne a bayan rigar wasa, Bilal kuwa sunan gida ne. Shi ya riƙa kai shi filin atisaye tun yana firamare, cikin sanyi da ruwa. Saura 'yan makonni a yi zaɓen, yaron ya kasa barci don fargaba, shi ya sa ya kawo shi Ɗakin Allah ya yi addu'a hankalinsa ya kwanta. Ya ce gashin ma sun sha faɗa a kai, sai ga shi da kansa ya zauna gaban wanzami. Ya ƙare da cewa, "Uban da ya yi saken dai ga shi a gabanka, Malam."

Na fara ba da haƙuri da Hausa, na koma Larabci, na ƙarasa da Turancin da ya watse mini. Bilal, Allah ya saka masa, ya yi murmushi ya ce maganar riƙe ƙwallo gaskiya ce, kocinsa ma kullum ita yake masa. Wannan karamcin nasa ya ƙara kashe ni, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kawu Sale kuwa sai a lokacin ya gane abin da ya faru a kan sufurarsa. Bai dube ni ba. Ya ce da ni cikin Larabci in tashi in duba ko shayi ya yi, alhali butar shayin tana gabansa tana tururi.

Alhaji Nasidi ya ba Kawu aikin ayarinsa, domin abotarsu ta girme ni. An kuma ɗauki Bilal a zaɓen, can wajen ƙarshe, kuma ranar Fahad ya kira ni sau tara ban ɗauka ba. Kujera mai juyawa ta tafi ga ɗan ƙanwar matar Kawu, wanda Turancinsa bai wuce gaisuwa ba amma ya iya rufe baki.

Bayan mako guda na yi ƙarfin hali na je ofis, na ce Kawu ai kuskure ne, kowa zai iya yi, mutum ne ya aske kai. Kawu ya cire tabarau ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ya waladi, sana'armu masu Umra ce. Duk namijin da za ka karɓa da gashi zai zo, babu gashi zai koma. In aski ɗaya ya isa ya ɓatar maka da baƙo, me zan yi da kai a ofis? Halas, koma Kudai."

Ina Kudai har yau, rana tana nan inda na bar ta. Sharhi kuwa ban daina ba, hali zanen dutse. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki a kan kowa a garin nan, sai na bi kawunan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya na mayar musu da gashinsu a zuci tukuna.