Bamalli da Na'urar Littafi Dubu

Jama'a, yau da safe na tuɓe takalmina don girmama inji. Ba masallaci na shiga ba, ba gaban surukina na je ba. Maƙwabcina Bamalli na raka ɗakin karatun unguwarmu, mai gadi ya tare mu a ƙofa ya ce takalmi waje, wai kwamfuta tana kamuwa da cuta. Har sai da ya tambaye ni ko ina mura.

Bari ku san waye Bamalli. Masinja ne a wani ofishi a Abuja, shekara sha tara yana bin motar asuba daga Suleja, yana jigilar fayil daga tebur zuwa tebur. Sau biyu ya zauna jarrabawar ƙarin girma yana shan ƙasa, kuma a ofishinsu an ce ta uku ita ce ta ƙarshe. In ya ci, ya samu tebur da kujerarsa. In ya faɗi, da fayil a hammata zai yi ritaya. Jibi Litinin za a yi ta. Littafin dokokin aiki da ake ciro tambayoyi daga cikinsa kuwa kwafi guda ne tal a unguwar, mai jan bango, a kanta ta biyu ta ɗakin karatun nan.

To sai Allah ya kawo mana ci gaba. Iyayenmu na sama, waɗanda ba sa runtsawa saboda tunanin talaka, suka ce littafin takarda ya zama tsohon yayi, ga shekara ta dubu biyu a bakin ƙofa. Aka rufe ɗakin wata biyu don gyara, aka kafa kwamitin zaɓen na'urar karatu, mutum tara. Suka tafi har Ikko, suka yi sati a otal suna nazari. An ce iri biyu aka nuna musu. Akwai 'yar ƙarama ta riƙewa a hannu, mutum ya yi karatunsa ko a cikin mota, akwai kuma ƙatuwa mai kai irin na talabijin, da ake zura wa faifai ɗauke da littafi dubu. Suka zaɓi ƙatuwar, domin ƙaramar ba za ta fito a hoto ba ranar buɗewa. Ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Shekaranjiya aka yi bikin. Ranka-ya-daɗe Mai Yanke Ƙyalle ya iso da jiniya, ya ɗaga faifan sama yana walƙiya, ya ce daga yau jahilci ya tattara komatsansa ya bar Suleja. Muka tafa har hannu ya yi zafi.

Shi ne yau muka shiga ƙafa ba takalmi. Kantoci fayau, ko takarda guda babu. Malama Asabe, ma'aikaciyar ɗakin, ta yaye wa na'urar mayafin saƙa da aka lulluɓe ta da shi, ta kunna. Mun yi sa'a akwai wuta. Abin ya yi gurnani, ya yi haske, ya rubuto wani Turanci.

Bamalli ya ce, "Malama, me ta ce?"

"Cewa ta yi a saka faifai."

"To a saka mana, Allah ya ba ki lada."

Asabe ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Malam Bamalli, ai Ranka-ya-daɗe ya tafi da shi. Ka san ba a taɓa gayyato shi buɗe wani abu ba a ba shi tsaraba ba. Da aka miƙa masa faifan don hoto, sai ya ce ya gode, ya sa a aljihu."

Na ce to a aika a karɓo. Ta dube ni kamar na zagi iyayenta. Wa ke da ƙarfin halin ce wa babba ya dawo da kyauta? Kwamiti ya zauna kan maganar jiya, ya yanke shawarar kafa ƙaramin kwamiti. Wanda ya gani da idonsa ya ce faifan yana nan lafiya lau, direba ya rataye shi a madubin mota, yana lilo. Littafi dubu na zaga gari da jiniya, wace ƙasa ce ta kai mu son ilimi?

Mai gadi ne ya ji tausayinmu. Ya raɗa mana cewa tsofaffin littattafan an sayar da su buhu-buhu ga wata mai ƙosai a Gauraka. Ga wahalar fetur ana yi, ba a samun mota da wuri. Sai da muka yi awa guda a tasha.

Mai ƙosan, Yetunde, Bayarabiya mai tuya a bakin titi, mutuniyar kirki ce. Ta zazzage mana buhun a ƙasa. Bamalli ya tsuguna yana tona har ya zaro jan bangon nan. Rabinsa ne. Daga shafi na ɗaya zuwa na tamanin da shida an yage.

Ya ce, "Iya, ina farkon?"

"Baba, sorry o. Takardar tana da kauri, tana shan mai. Na naɗe wa direbobin Kaduna ƙosai, sun tafi da ita."

Bamalli ya zauna kan benci da rabin littafi a cinya. Dattijo mai 'ya'ya shida, wallahi na ga ƙwalla a idonsa, ni ma raina ya ɓaci. Ya ce, "Malam, daga babi na uku suke fitar da tambaya kullum. Shi ya kayar da ni sau biyu." Ya buɗe shafi na tamanin da bakwai, ya ɗora yatsa, ya fara karanta abin da ya saura.

Ba na zargin kowa, ni wane ne? Roƙo ɗaya gare ni. Duk wanda ya ci ƙosai a Gauraka cikin makon nan, don Allah ya laluba ƙarƙashin kujerar motarsa. In ya ga babi na uku, ko da maiƙo ne, muna so kafin asubar Litinin.