Yadda Ake Ƙara wa Hoto Shekara Sittin a Kwana Tara

'Yar'uwa, in kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari hoton da kika ɗauka wannan makon zai wayi gari mako mai zuwa ya girmi mahaifiyarki. Dabarar ba ta taɓa gazawa ba. Gaskiya sau ɗaya aka taɓa gwada ta, kuma ni na gwada. Wannan ne rubutuna na farko da wani zai karanta, saboda haka in kin ga na yi tuntuɓe ki kau da kai.

1. Ki ɓatar da na gaske

Ba a ƙirƙirar tsohon hoto sai an rasa na asali. Hanya mafi sauƙi ita ce tawa. Ki buɗe gwangwanin alawar da kakarki take ajiye takardu, ki ɗauki hoton aurenta, wanda duk duniya shi kaɗai ne take ciki tare da marigayi kakanki, ki mayar da shi alamar shafi a littafin aro mai shafi ɗari bakwai. Ki gama littafin, ki yi kuka a babin ƙarshe, ki mayar laburare.

Bayan wata biyu ki tuna. Ki koma da gudu. Matar laburaren za ta ce, "Ai wannan ya bi motar littattafai zuwa ƙauyuka, 'yata." In kika tambaya wane ƙauye, za ta nuna miki taswirar lardin Bukhara gaba ɗaya.

Daga nan sai jira. Ni kakata, Buvi Tursunoy (Buvi muke ce wa kaka mace, Bobo kaka namiji), da karin kumallo ta yanke mini hukunci.

"Saura kwana tara sadakar shekarar Bobonku. Ranar zan fito da hoton nan, matan unguwa su ga ya taɓa yin gashi."

Ki ce, "To, Buvi." Ki shaƙe da gurasa.

2. Ki tuna abin da ke jikinsa

Ki samu takarda ki rubuta. Ga abin da na iya tunawa: hasumiyar Kalon ta tsohon garin Bukhara a baya, kubba ɗaya a gefe, Bobo Ergash a dama, Buvi a hagu cikin rigar atlas, alharinin nan mai launi-launi, sai wani tabo baƙi a saman kubbar, kamar wani ya dangwala yatsa. Shi ke nan. Wata uku hoton yana hannuna, amma bayansa na fi sani. Mai karatu ba ta kallon alamar shafi, cire ta take yi ta ajiye a gefe.

3. Ki nemo amarya da ango

Amarya ke ce. Kowa yana cewa kin ɗebo kamannin kakarki, musamman hanci, kuma ba da sigar yabo suke faɗa ba. Rigar tana ƙasan akwati tana warin kafur.

Ango kashi biyu ne. Fuska za ki samu a tsohon katinsa na makarantar koyon tuƙin tarakta, sai dai hatimi ya cinye rabin kunnen hagu. Gangar jiki kuwa sai kin je kasuwa wurin ɗansa, Kawu Ilhom mai kankana, kin faɗa masa gaskiya, don shi ba ya riƙe magana a kansa balle ya kai wa wani.

"Wato ni zan zama ubana," in ji shi.

"Daga wuya zuwa ƙasa kawai, Kawu. Sai aron kunne ɗaya."

"Kan fa?"

"Cirewa za a yi."

"Matata ta daɗe tana neman mai yi mata wannan aikin. Ƙarfe nawa?"

4. Ki je gindin hasumiya

Ki je da safe, kafin amaren gaske su fara layi da fararen rigunansu. Ki miƙa wayarki ga wata baƙuwa mai fuskar amana. Ki tsaya, ki sunkuyar da kai, kada ki yi murmushi. Mutanen da ba sa murmushi a hoto, na karanta a wurare uku.

Za ki yi ta rawar jiki. Baƙuwar za ta ɗauki hotuna ashirin, goma sha tara ki fito kamar hayaƙi. A na ashirin ɗin Kawu zai gaji ya ɗora miki hannu a kafaɗa ya danne.

"Tsaya mana, Mohinur. Wa ya taɓa ganin amarya da masassara?"

Wannan ɗayan ne kawai zai fito sarai. Da shi za ki yi aiki.

5. Ki share zamani

Ki buɗe kwamfuta ki fara cirewa. 'Yan yawon buɗe ido arba'in da ɗaya. Mai sayar da askirim. Fitilar titi, kwandon shara, wayar da ta kumbura aljihun Kawu. Sai ki cire kan Kawu, ki ɗora na Bobo, ki liƙa kunnen.

Bobo siriri ne, Kawu kuwa yana ɗanɗana hajarsa, don haka sai kin matse shi ta gefe biyu. Ki lura, in kika matse shi hasumiyar da ke bayansa za ta lanƙwashe. Ki miƙar da ita. Shekara kusan ɗari tara tana tsaye, ba cikin kawunki ne zai karkata ta ba.

Saura hannun da ke kafaɗa. In kika goge shi kafaɗar za ta bi shi, ki zama amarya mai ɓari ɗaya. Ki gwada sau shida. Sannan ki mayar da shi, ki ce wa kanki, wa zai tsaya duba hannu? Masu hikima sun ce abin da ya gagari gogewa ƙaddara ne. Ban san waɗanne masu hikima ba, amma ya yi kama da maganarsu.

6. Ki tsufar

Nan ne ainihin sana'ar. Ki zuƙe launin duka, ki zuba ruwan ƙasa kaɗan. Ki rage kaifi har fuskoki su yi dishi-dishi. Ki yayyafa ɗigo-ɗigo, ki karce wuri biyu, ki duhunta kusurwoyi. A wanke miki a takarda mai kauri, ki yanke gefen da almakashin tela mai haƙora.

Ki tsoma a shayi. Koren shayi ba ya yi, na ɓata hoto biyu kafin na gane, baƙi za ki dafa. Ki shanya a jikin tanderu bayan an kwashe gurasa, sannan ki cusa ƙarƙashin katifar da Kawu yake zama, kwana biyu. Kwana biyu a ƙarƙashin Kawu daidai yake da shekara talatin a akwati.

Kada ki manta tabon nan na saman kubba. Ki dangwala yatsa a dagwalon shayi ki ɗora shi daidai inda kike tunawa. Ƙwararriya da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake gane ta. Ki mayar gwangwani.

7. Ranar sadaka, ki riƙe butar shayi

Maza za su ci shinkafarsu da karas da naman rago da sassafe su watse. Mata za su cika ɗaki da hantsi. Ki zauna kusa da ƙofa kina zuba shayi, don mai riƙe da buta ba a tambayarta komai.

Buvi za ta buɗe gwangwani ta miƙa hoton ba tare da ta duba ba. Zai zagaya, ana "Allah sarki," ana "ashe kuwa da gashin." Har ya isa hannun Goggo Muhabbat, ƙanwar Bobo, wadda ta halarci auren kuma ba ta taɓa manta abin da ba a tambaye ta ba. Ta ɗora tabarau.

"Tursunoy, yaushe yayana ya yi kunne kamar marfin tukunya?"

Ni dai na ci gaba da zuba shayi a kofin da ya riga ya cika.

"Kuma wannan hannun fa? Yayana da kunya?"

Buvi ta karɓa. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta daɗe. Na fara lissafin ko motar littattafai tana ɗaukar mutane.

"Idonki ne ya tsufa, Muhabbat," in ji ta. "Shi ne. Kunnen ma nasa ne. Ni na shekara hamsin da bakwai ina zuba magana a ciki tana fita ta ɗayan."

Mata suka yi dariya, aka shigo da gurasa.

8. Ki amsa kira

Da la'asar, kina tsakar gida kina wanke kofuna, za ki ji, "Ke mai cin takarda, zo nan."

Na sami Buvi a bakin taga da hoton a cinya. Ta ɗora farce a saman kubba.

"Mene ne wannan?"

"Tabo ne, Buvi. Da ma yana nan."

"Sheƙar shamuwa ce. A lokacinmu suna nan a kan kubbobi. Mai hoto ya tsayar da mu rabin sa'a a rana wai sai ta sauka, ta ƙi. Ke kuma kin mayar mini da ita dagwalon shayi."

Na durƙusa na faɗi komai, har da sunan littafin da yawan shafukansa, duk da ba ta tambaya ba. Na ce ku yafe mini, Buvi.

"Tun bazara na buɗe gwangwanin na ga babu shi. Na ce zan fito da shi ne don ki zo ki faɗa mini da bakinki. Ashe ke sai kin sake ɗaura mana aure."

Ta sake kallon hoton.

"A wancan akwai taku biyu tsakaninmu, don uwarsa tana tsaye bayan mai hoto. Daga ranar har ya koma ga Allah, bai taɓa dafa ni a gaban mutane ba." Ta shafa hannun da babban yatsa, a hankali, kamar mai gudun kada ya goge. "Gobe ki sa mini shamuwata. Ki mayar wa Ilhom kunnensa. Wannan kuma kada ki taɓa shi."

Ba ta mayar da shi gwangwani ba. A jikin madubi ta soke shi.

Sanarwa

Marubuciyar ba ta ɗauki alhakin komai ba: kakar da ta fi tawa saurin hannu, goggon da tabaraunta ya fi na tamu ƙarfi, hasumiyar da ta karkace, ko kawun da yanzu yake ce wa abokan cinikinsa shi ya auri uwarsa. Abin da ya same ki, ke kika jawo.

Sai dai in kina wani ƙauye, kika ari littafi mai shafi ɗari bakwai, kika tarar da mutum biyu tsaye da taku biyu a tsakaninsu da sheƙar shamuwa a sama, don Allah ki mayar wa matar laburare da sunana. Buvi ta ce ita ba ta nemansa. Ni ina nema.