Laifin Mashin Ɗina Shi Ne Ba Ya Hayaƙi

Jama'a, ku yi mini afuwa idan kuka ga rubutun yau yana ɗingishi. Mai rubutun ne yake ɗingishi. Jiya na tura mashin da hannuna tun daga wani shinge a hanyar Makoda har ƙauyen su Aina'u, cikin farar shadda mai sabon guga, kuma yanzu haka ƙafafuna suna cikin roba da ruwan ɗumi da gishiri.

Aina'u ita ce yarinyar da na shekara biyu ina zuwa zance wajenta. Ba zan tsaya siffanta muku ita ba, don idan na fara shafin nan ba zai ishe ni ba, kuma edita ya riga ya yi mini kashedi. Abin da ya kamata ku sani shi ne, makon jiya mahaifinta Malam Abdulkabir ya aiko cewa in zo ranar Lahadi da an idar da la'asar, ya kira ƙannensa biyu daga ƙauyukansu su ga yaron da yake yi musu sintiri a ƙofar gida. Aina'u ta kira ni ta ce, "Fatihu, don Allah kar ka makara. Baba idan ya ce la'asar, la'asar yake nufi. Ɗan ƙwadago ma idan ya zo gona rana ta take, ba ya sake kiransa." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai yanzu ina da abin hawan da ba ya bin layin gidan mai.

Ga yadda na same shi. Bara na yi kwana uku ina bin layin fetur a Ɗanbatta da tsohon babur ɗina, sai da na zo dab da famfo aka ce mai ya ƙare, alhali ga 'yan bumburutu can tsallaken titi jarkokinsu cike. Ana cikin haka sai aka yi shelar cewa wani babba zai zo ya buɗe mana tashar cajin ababen hawa masu lantarki. Na je da kaina. Mai Girma Garkuwan Almakashi, Sarkin Yanka Ƙyalle, Allah ya ƙara wa hannunsa lafiya, ya iso cikin jerin motoci ashirin da uku, kowacce tana shan mai kamar an huda mata ciki. Ya hau mumbari ya ce zamanin fetur ya wuce, matasa su rungumi lantarki. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na tafa har tafin hannuna ya yi ja. Aka danna maɓalli, fitila ta kama, aka yi kabbara. Ba mu lura ba ashe wani ƙaton janareta ne a bayan rumfa yake ba ta wuta, kuma da taro ya watse aka ɗora shi a mota ya bi ayari. Yau tashar tana nan, an yi mata fenti mai kyau, akuyoyin unguwar suna jin daɗin inuwarta ƙwarai.

Amma ni magana ta riga ta shige ni. Na sayar da tsohon babur, na haɗa da gyaɗar da na noma, na sayo mashin mai batir. Yana da feda kamar keke, yana gudu kamar babur, kuma ba ya ko tari. Ina cajinsa a shagon Kamilu mai cajin waya, a kan solarsa, idan rana ta ga dama ta fito.

Maƙwabcina Baba Jaji, wanda ya shekara talatin yana kai wake Dawanau, ya zagaya shi sau biyu ranar da na kawo shi, ya ce, "Ɗana, wannan abu ba ya kuka?"

Na ce, "Ko kaɗan, Baba. Ci gaba ke nan."

Ya ce, "To ka yi hattara. A ƙasar nan abin da ba ya kuka shi ake fara tarewa."

Na yi dariya a zuciyata, na ce tsofaffi ba sa son sabon abu.

Jiya hadari ya wuni yana kai da kawo, solar Kamilu ba ta ba ni fiye da rabin caji ba. Na lissafa, rabin zai kai ni ya dawo da ni. Na fita da an yi azahar, don in isa da sauran lokaci, in wanke fuska a masallacin garin, in bi su jam'in la'asar. Gero ya yi tsayi dama da hagu, iska tana kaɗa shi, ni kuma ina tafe ina maimaita gaisuwar da zan yi wa surukai. Ban taɓa jin duniya ta yi mini daɗi kamar lokacin nan ba.

Sai ga gungume a tsakiyar hanya, da katako mai ƙusoshi.

Mutum huɗu ne a gindin darbejiya, 'yan wani kwamiti da aka ƙirƙiro bana don duba lafiyar ababen hawa. Ban san wanda ya haife shi ba, ban san wanda yake shayar da shi ba. Babbansu mai riƙe da littafi ya ɗaga hannu, na tsaya da ladabi, na yi sallama.

Ya ce, "Kashe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kashe yake."

"To tayar."

Na murɗa makulli. Ya kara kunne. Ya dubi abokansa. Ya ce, "Na ce ka tayar, Malam, ba wasa ne ya kawo mu ba."

"Yallaɓai, a tashe yake."

Ya durƙusa ya kai tafin hannunsa inda salansa take zama a jikin kowane babur, don haka suke gwada lafiyar inji, su ji ɗumin hayaƙi a hannu. Hannu ya tarar da iska. Ya miƙe a hankali kamar wanda ya kama ɓarawo da kaya.

"Ina ka kai salansar?"

"Ba a yi shi da ita ba."

"Lambar inji fa?"

"Ba shi da inji irin wanda kuka sani. Batir ne."

"To keke ne ke nan."

Na yi murna, na ce, "Ƙwarai kuwa, ga feda ma." Don keke ba ruwansa da takardu.

Ya ce, "Keke? Da gudun da na hango ka kana yi? Kai ka taɓa ganin keke ya wuce motar itace?"

"To babur ne, ku duba shi in wuce."

"Babur babu salansa? Ka mai da mu yara?"

Ya buɗe littafinsa ya nuna mini fom. Jama'a, na ga fom ɗin nan da idona. Akwai gurbin lambar inji. Akwai gurbin launin hayaƙi, an ba da zaɓi uku: fari, baƙi, shuɗi. Ya ce doka ba ta yarda a bar gurbi babu komai ba, kuma shi ba zai rubuta ƙarya ba, don yana tsoron Allah. Na yaba da wannan tsoron Allah matuƙa. Na ce to ya rubuta fari, ai iska ma fara ce. Ya ce in daina koya masa aiki.

Nan fa karatu ya motsa mini. Na gaya masa na karanta ƙa'idojin hanya tun daga bango har bango, kuma mai abin hawa yana da haƙƙin a gaya masa laifinsa kafin a tsare shi. Na yi maganar hannu a ƙirji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Lauya ne. A ba shi benci."

A lokacin da muke wannan, ɗaya daga cikinsu yana ta zagaya mashin ɗin da guntun tiyo da jarka. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗaga kujera. Duk mai babur a yankin nan ya san aikin wannan bawan Allah: idan aka tsare abin hawa, shi yake rage masa nauyin tanki, wai don gudun gobara. Ya gaji ya ce, "Oga, wannan fa ba shi da tanki." Na ga baƙin ciki a fuskar mutumin nan irin wanda ban taɓa gani ba ko a gidan makoki. A nan na fara gane ainihin laifin mashin ɗina.

Mai littafi ya ce magana ta fi ƙarfinsa, sai ya kira na sama da shi. Ya zaro waya, waya ta mutu, garinsu kwana tara babu wuta. Na dubi rana, na ga ta fara karkata. Sai na yi wautar da zan daɗe ina tunawa. Na ce, "Yallaɓai, akwai wajen cajin waya a jikin mashin ɗin, ga shi nan ƙarƙashin kai."

Fuskoki huɗu suka washe a lokaci guda.

Kafin in rufe baki wayoyi sun fito daga aljihu, har da wata 'yar rediyo da tocila. Aka yi layi, na rantse muku, layi sosai irin na gidan mai, har da gardamar wanda ya riga wani. Wayar Oga ta kawo, ya kira na sama, aka ce yana wajen walima, a jira. Muna jira sai Oga ya tuna cewa tun da ba a iya gwada hayaƙi ba, dole a yi gwajin hanya. Na farko ya hau ya tafi gwaji, ya dawo da rake. Na biyu ya tafi gwaji, ya dawo da ƙullin awara da ruwan leda. Mai tiyo ya tafi nasa gwajin, ya daɗe, da ya dawo na hango shi yana sauke wata mata da buhunta a bakin hanya, tana miƙa masa wani abu. Ya iso yana cewa, "Kai, Oga, abin nan akwai daɗi, kamar kana tafiya a kan katifa!"

Daga wani ƙauye na jiyo kiran sallar la'asar. Na miƙe na ce, "Don girman Allah ku sallame ni, surukaina suna jirana, yau ne ranar farko." Ban ji kunya ba, hawaye na yi. Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ango, ai da ka faɗa tun farko. Mu ma muna da 'ya'ya." Ya rufe littafi ya ce sun yi mini sassauci, amma in tabbatar na sa salansa kafin mako mai zuwa. Aka janye katako. Har addu'a suka yi mini.

Na hau, na yi tafiyar da ba ta fi tsawon gona uku ba, fitilar batir ta yi ja, mashin ya yi shiru irin na gaske. Na gwada feda. Wanda ya ƙera fedar nan bai taɓa ganin yashin hanyarmu bayan ruwan sama ba. Na sauka na kama turi.

Ina so in tambayi manyanmu, cikin ladabi, hulata a hannu. Ranku ya daɗe, ku kuka ce mu bar fetur. Mun bari. Ashe ofishin da ya rubuta muku jawabin lantarki bai taɓa gaisawa da ofishin da ya buga fom ɗin hayaƙi ba? Motocinku masu baƙin gilashi suna wuce shingen nan kullum, ana janye musu gungume tun daga nesa ana sara musu, ba wanda ya taɓa kai tafin hannu bayansu. Haƙƙin mai abin hawa da aka rubuta a littafi, ashe sai abin hawan ya kai wani girma yake fara aiki? Ku gaya mana girman, mu san inda muka tsaya.

Na isa ƙofar gidan su Aina'u rana ta yi ja. Shaddata ta koma kalar kunun kanwa. Malam Abdulkabir yana zaune shi kaɗai a dakali, an naɗe tabarmar baƙi an jingine ta da bango. Ƙannensa sun jira har suka ga za su yi dare a hanya, suka tafi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani. Ya bar ni na kai ƙarshe, bai katse ni ba.

Ya ce, "Na ji. Ban ce ƙarya kake yi ba, na san mutanen gindin darbejiyar nan. Amma na tara 'yan'uwana sun bar gonakinsu a tsakiyar aiki, sun zauna suna kallon hanya. Ba zan sake kiransu ba sai an kai amfani gida."

Wata uku ke nan, jama'a. Ta bayan zaure na ji motsin mutum, na san ko wace ce, na kuma san kuka take yi. Ban iya ɗaga kai ba.

Malam ya dubi mashin ɗin, ya dube ni, ya ce, "Idan lokacin ya yi, ka bar wannan a gida. Ka taho da ƙafarka tun da hantsi. Ita dai har yanzu ba a yi mata fom ba."

Na ce to, Baba.

Sai dai ina roƙon duk wanda ya karanta wannan shafi, don Allah maganar Malam ta tsaya tsakaninmu. Kar wani ya kai ta kunnen manya. Akwai sauran wata uku kafin kaka, kuma wata uku sun isa a kafa kwamiti.