Tsawar da na yi wa mutanen Matameye

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini sauran tunani, da ranar da na sa rabin unguwarmu fito da tukwane tarbar ruwan sama. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, damina kuma ta yi gardama. Sau biyu ana shuka rana tana ƙonewa. Duk wanda ka gani a Matameye wuyansa a sama yake, yana neman hadari.

Ni kuwa ba hadari ne a gabana ba, Zainabu ce, 'yar Alhaji Sule mai hatsi. Ita ta yarda, uwarta ta yarda, Alhaji ne ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Abin da ya faɗa wa kawuna kawai shi ne bai saba ba maroƙi 'ya ba. Wai ni ne maroƙi. Ni da na yi rani huɗu ina ci-rani a Kano, a shagon masu hayar kayan sauti, na dawo da jita da kayan da ko a Damagaram ba kowa ke da irinsu ba.

Kayan kuwa ga su: fedal uku na takawa, ɗaya na sa jita gurnani, ɗaya na sa ta kuka kamar kyanwa, ɗaya na ƙara mata ƙarfi. Sai wani akwatin ƙarfe mai hawa biyu da ke yin amsa-kuwwa. Da can in zan canza sauti sai na taka nan, na taka can, na sunkuya na murɗa akwati, kamar mai kashe kiyashi. Wani mai gyara a Sabon Gari ya haɗa mini su duka a kan faranti guda mai maɓalli shida, taku ɗaya ya isa. Maɓalli na shida shi ke buɗe komai har ƙarshe, kuma mai gyaran ya ce kar in taɓa shi sai a fili mai faɗi (na ce masa to, kamar mai hankali).

Sai ga bikin Habu, yayan Zainabu. Na ce yau Alhaji zai ga bambancin maroƙi da injiniya. Taro a lokacin sai da takarda daga biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin, takardar kuma ta ce a tashi kafin magariba. Alhaji ya ƙara nasa sharaɗin: a yi kiɗa a hankali, don da safiyar nan aka fita roƙon ruwa, gari ba ya cikin nishaɗi. Na amsa da ladabi, sannan na sa aka rataya lasifika biyu can ƙololuwar bishiyar dogon yaro, don kada wani a unguwar ya rasa jin gwanintata. Kun ji irin hankalina.

Bayan la'asar aka tayar da gurup, wato injin ba da wuta, na fara. Wallahi kiɗa ya yi daɗi, ba don ni na yi ba. Ina taka na ɗaya, ina taka na biyu, ina satar kallon zauren Alhaji. Can sai ga shi ya fito da baƙinsa, dattawa daga Kance da Tsauni, ya nufo rumfarmu kai tsaye.

To, wanda kake neman 'yarsa ba ka gaishe shi a tsaye. Jikina bai ma yi shawara da ni ba. Na tuɓe takalmi, na zube ƙasa, jita na rataye a wuyana. Gwiwata ta dama ta sauka daidai kan maɓalli na shida, gindin jita kuma ya daki ƙasa.

Abin da ya fito daga saman bishiyar nan ba kiɗa ba ne. Wata irin rugugi ce mai nauyi, ta tashi ta gangara, akwatin amsa-kuwwa ya kama ta yana maimaitawa, tana nisa tana dawowa. Dattawa suka ɗaga kai sama, wani ya fara hamdala. Daga cikin gidaje sai guɗa, mata suna kiran yara a fito da baho da jarka da tukwane. Ni kuma ina durƙushe ina laluben faranti da hannu, na danna na biyu, kyanwa ta shiga cikin tsawar. Habu ne ya ruga ya kashe gurup.

Kowa ya sake ɗaga kai. Sama fes, ko ɗigon girgije babu. A ƙofar gidan da ke kallonmu na hangi Iya Dije, tsohuwar da ke tafiya da sanda, ta jawo tulunta har waje ita kaɗai, hawayen murna bai ma bushe mata ba. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Tashi, yaro. Tsawa dai mun ji, saura ruwa. Duk mazubin da aka fitar saboda kai, kada a mayar da shi wayam."

Kwana uku ina jan guga a rijiyar bayan gari, wadda ruwanta ya yi ƙasa har sai an ɗaura igiya biyu. Gida-gida nake bi da jakin aro (wasu matan ma, Allah ya yafe musu, har randunan da ba su fitar ba suka miƙo). Hannuwana suka yi kanta suka fashe, wata guda ban iya riƙe jita ba. Da na cika tulun Iya Dije sai ta leƙa ciki, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma gobe in za ka yi, ka fara sanar da tsofaffi."

Ran na huɗu Alhaji ya aika a kira kawuna. Ya ce har yanzu bai ga amfanin jitar ba, amma yaron da ya yi wa gari ƙarya ya biya ta da guga bai gudu ba, zai iya riƙe mace. Aka sa rana bayan kaka.

Abin da na koya shi ne, ladabi ma yana son a duba ƙasa kafin a zube. Yau 'ya'yanmu huɗu da Zainabu, kuma ko a kasuwa na hangi Alhaji, sai na ja da baya taku biyu, na dubi gabana da kyau, sannan in durƙusa.