An Warkar da Yayana Kafin Shayi Ya Tafasa

Jiya da hantsi aka warkar da yayana Inoussa. Ni ne shaida, a salulata aka yi aikin, kuma ruwan shayi bai ko tafasa ba.

Bari in ɗauko muku daga farko, ni ba na gaggawa. Inoussa direban sahara ne. A da yana kai baƙi Timia da Fachi, ya dawo da dabino da labari. Baƙi suka daina zuwa, mota ta tsaya, daga baya aka sayar da ita. Tun ranar maganarsa ma ta tsaya. Yana zaune a zaure, rawani har hanci, in an kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Matarsa Kadidia ta ɗauka ita ce ya gaji da gani. Ta ɗaure kayanta, ta ce in shirya kai ta tasha a kabu-kabuna, za ta koma gidansu Ingall.

Ana cikin haka manyanmu, Allah ya ƙara musu sanyin biro, wato ofis, suka tuna talaka ma yana da zuciya. Aka yi ateliye, wato taron bita, a otel, aka ci kaji saboda damuwarmu. Mai Girma Mai Almakashi ya yanke kirtani, ko da yake har yau ban gane inda aka ɗaura kirtanin ba, tunda abin cikin salula yake. Aka ce duk wanda tunani ya dama ya kira, likita za ta saurare shi kyauta. Sai dai lokacin da aka yanka wa kowa gajere ne kamar ruwan saman garin nan. Ina jin sauran a ateliye aka cinye shi.

Na lallashi Inoussa, na ɗora buta a gawayi, na kira, na ajiye salular gabansa kan tabarma.

"Madam Hafiza ce. Mi ke damunka, malam?"

Inoussa ya dube ni kamar an zage shi. Wa ke fara magana haka, ba gaisuwa?

"Madam, ina kwana? Ina gajiya? Ina maigida? Yara fa? Yaya zafi a wajenku?"

Ita ma ƴar mutane ce, ta amsa, ta mayar masa. Lafiya lau ta tafi, lafiya lau ta dawo.

"Malam, lokaci yana tafiya. Yaya kake ji a ranka?"

"Alhamdu lillahi, madam. Sai godiya."

Layi ya yanke. Na leƙa, sai ga saƙo: an gode, an sa shi cikin waɗanda suka samu sauƙi.

Inoussa bai gani ba, kansa a sunkuye yake. Ya ji shiru, ya ɗauka saurare ake. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai ga Kadidia a bakin ƙofa da sukari a hannu. Ta harare ni, na haɗiye maganata.

"Madam, tunda kin yi shiru, ke mai haƙuri ce," in ji shi. "Ba ciwo ba ne. Nakan farka in laluba makullin mota, babu. Ni da na san hanyar Fachi ba mai nuna mini, yanzu in na fita ƙofar gida ban san inda zan dosa ba. Tabarmin da matata ke saƙawa su ke ciyar da mu. In ta kawo abinci kunyar hannuwanta nake ji, shi ya sa nake cewa na ƙoshi. Na ga ta ɗaure kaya. Ban san yadda ake ce wa mace ki zauna ba, alhali ba ka da abin tsayar da ita."

Shayi ya tafasa ya zube a gawayi, ba wanda ya kula. Kadidia ta shigo, ta ture salular gefe, ta zauna inda salular take.

"Malam, madam ta daɗe da tafiya. Ni ce nan. Ci gaba." Ta juyo kaina. "Kai kuma, sarkin kasa kunne, tashi ka tafi layin esans ka sha wa babur ɗinka mai. Ba mai zuwa tasha."

Na tafi. A layin na tarar da maƙwabcinmu Baha'uddeen, shi ma da babur ɗinsa.

"Ka ji sanarwa?" ya ce. "Wai duk wanda ya kira daga Agadez ya warke, ba ko ɗaya da ya rage. Za a yi ateliyen murna."

"Kai ka kira?"

"Na kira. Muna kan gaida kakarta aka sallame ni."

To ranku ya daɗe, masu almakashi, mu nan magana ba ta fitowa sai a zagayen shayi na uku. In da hali, a ja lokacin ya kai can. In ba hali, kada ku taɓa komai, don layinku ya fi aiki bayan ya yanke.