Akwati Sittin, Babu Wasiƙa Ko Ɗaya

Akwai wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don surukaina a can suke kuma ina son in ci gaba da zuwa. A garin akwai gidan waya ɗan ɗaki biyu, mai kula da shi kuwa wani dattijo ne, Malam Tsalha, wanda ya fi shekara ashirin yana buɗe shi ƙarfe takwas daidai ko da ƙuda ne kawai zai shigo. Ni dai mutumin yana burge ni. Da gwamnati ta ce za ta tallafa wa gidajen waya na karkara, sai aka gindaya sharaɗi: wanda jama'a ke amfani da shi a gyara, wanda ya zama kufai a rufe. In aka rufe na Malam Tsalha, gida zai koma ya zauna, garin kuma ya yi sallama da gidan waya.

Ranar wata Talata sai ga jami'in dubawa daga hedkwata, mota mai sanyi, takalmi na sheƙi. Yana shiga ya tarar da mutane a layi gaban akwatunan wasiƙa, kowa da ɗan mukullinsa a hannu. Ransa ya yi fari.

"Malam, akwati nawa gare ku?"

"Sittin, ranka ya daɗe. Babu ko ɗaya da ba mai shi. Har akwai mutum tara da ke jiran wani ya saki."

Jami'i ya gyaɗa kai. Ya ce ko a birni bai ga haka ba. Da ma ya tsaya nan ya sha ruwa ya kama hanya, da an rabu lafiya. Amma ka san mai son nuna ya iya aiki, sai ya ce a kai shi ta baya, inda ake zuba wasiƙu. Ta can kuwa akwatunan ba su da murfi, komai a fili yake.

Akwatin farko alewa ce cike, har da dabino.

"Wannan fa?"

"Na Alhaji Nadabo ne. Likita ya hana shi zaƙi, Hajiya kuma ta fi likitan tsanani. Kullum bayan azahar yakan zo duba wasiƙa."

Na biyu garin taba ne a ƙulle cikin leda, na wani bawan Allah da ya rantse gaban jama'a cewa ya daina. Na uku kwalbar turare ce ta Iya Ladingo mai ƙosai, wadda jikoki suka hana sakat a gida. Na huɗu hula ce sabuwa fil, an naɗe ta da kyau.

"Hula kuma? Wa ke aiko hula ba ambulan?"

Malam Tsalha ya rage murya. "Ta kansilanmu ce, ranka ya daɗe. Ta jam'iyyar adawa ce. Yana ajiye da ita ne saboda ko-ta-kwana."

Haka jami'i ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sittin, fuskarsa na ƙara murtukewa. Ya ga haƙoran roba, ya ga laya, ya ga gwangwanin madara. Abin da bai gani ba shi ne takarda mai kan sarki.

"Malam, wannan ai ba gidan waya ba ne, rumbu ne. Gwamnati ba za ta zuba tallafi don a ɓoye wa Hajiya alewa ba. Yanzun nan zan rubuta a rufe."

Maganar ta kai kunnen mutanen da ke layi. Alhaji Nadabo, da alewa a kunci, ya kasa haɗiyewa ya kasa tofarwa. Jami'i ya zaro wayar hannu ya shiga latse-latse.

Malam Tsalha ya ja durowa a hankali, ya ɗauko ambulan da kan sarki, ya hure ƙurar da ke kansu, ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, tunda rahoton gidan waya ne, ga shi ka aika ta hannunmu. Ko ba komai a ce mun ga wasiƙa ɗaya a bana."

Jami'i ya yi dariya, ko ɗaga kai bai yi ba. "Haba Malam, wa ke aika wasiƙa a zamanin nan? Ku ne na goma sha ɗaya da na rufe a watan nan. Kafin ƙarshen shekara na gama da ku duka."

Malam Tsalha ya mayar da ambulan cikin durowa, ya rufe.

"Allah ya taimaka, ranka ya daɗe. To in ka gama da mu duka, kai kuma wa za ka riƙa zuwa dubawa?"